Yadda Ake Gane Sutura Mai Ɗorewa Kafin a Biya Kuɗi

Ana saura wata biyu ƙaramar sallah, wata Hajiya da muka daɗe muna yi wa iyalinta ɗinki ta shigo shagona a unguwar Jekadafari da ke Gombe da yadi biyar a leda. Ta ce, "Malam, wannan na musamman ne, a intanet na saye shi. Dubi takardar da ke jikinsa, sun ce ba ya cutar da muhalli." Takardar koriya ce, da zanen ganye a kai. Na ce, "Hajiya, a yi mini izini in zare zare biyu daga gefe." Na kyasta ashana na kara. Zaren bai ci wuta irin ta auduga ba. Ƙanƙancewa ya yi, ya narke, ya tashi da baƙin hayaƙi, ya bar ɗan dunƙule mai tauri kamar tsakuwa. Roba ce zalla. Kuɗin auduga ta biya, aka ba ta man fetur da aka mayar zare.

Irin wannan takarda ta yi yawa yanzu, daga manyan kamfanonin ƙetare har gidajen ɗinkin da ke talla a Instagram. Kowa yana cewa kayansa masu ɗorewa ne. A wurina, suturar da ta cancanci wannan suna ita ce wadda ba a cuci ƙasar da ta fito ba, ba a cuci hannun da ya yi ta ba, ba ta cuci jikin da ya sa ta ba, sannan ta daɗe ana morar ta. Ga yadda nake bin kaya ɗaya bayan ɗaya, haka kuma nake koya wa yaran shagona.

Mataki na farko: gano abin da aka saƙa yadin da shi

Kada ka tsaya ga rubutun da ke gefen yadi. Ka nemi ɗan ƙyalle, ko ka zari zare daga tsaye da kwance, domin sau da yawa ana saƙa ɗaya da auduga ɗaya da roba. Ka riƙe da almakashi, ka ajiye ruwa a kusa, sannan ka kunna. Auduga tana ci da sauri, warinta na ƙonanniyar takarda, tokarta laushi gare ta, kana murzawa ta watse. Foliyesta, wadda a kasuwa muke ce wa roba, narkewa take yi ta dunƙule. Siliki na gaske da ulu warin ƙonannen gashi suke yi. Idan ka ga toka da ɗan dunƙule tare, haɗi ne. Inda ba a yarda ka kunna wuta ba, ka ɗiga ruwa: audugar da ba a cika mata sitati ba tana shanyewa, roba kuwa ɗigon yakan tsaya a kai.

Fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa yau foliyesta ne. Ba ya ruɓewa a ƙasa, kuma duk wanki yana sakin ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani, su bi ruwa su tafi. A zafin Gombe na watan Maris da Afrilu ma jiki kansa yana ba da shaida.

Amma kada a ɗauka duk auduga wankakkiya ce. Tekun Aral, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, yana cikin manyan tafkunan duniya kafin a karkatar da kogunan da ke ciyar da shi zuwa gonakin auduga tun wajen shekarun 1960. Yau akasarinsa yashi ne da gishiri. Ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne lita 2,700 na ruwa kafin a samu ƙaramar riga ɗaya ta auduga. Sai dai akwai bambanci tsakanin audugar da aka janye wa kogi da wadda ruwan sama ya shayar. Tamu ta ƙasar Gombe ta damina ce. Unguwar da muke kira BCGA sunanta daga ƙungiyar noman auduga ta Ingila ne, wadda aka kafa a 1902, kuma hakan kaɗai ya isa ya nuna matsayin da auduga ta taɓa riƙewa a garin nan. Matsalar audugarmu feshi ce. Na tashi ina ganin mahaifina a gona wajen Kumo da tankin feshi a baya, babu takunkumi, babu safar hannu, ya dawo idonsa jawur. Saboda haka idan kamfani ya ce audugarsa ta gida ce, tambayata biyu ce: daga wane yanki, kuma wa ke koya wa manoman kare jikinsu wajen feshi?

Yadin da aka haɗa auduga da roba shi ya fi wuyar sha'ani a ƙarshe, don raba zaren biyu domin a sake sarrafa su aiki ne mai wuya da tsada.

Mataki na biyu: ƙarko

A nan zan daɗe, domin da za a ce in zaɓi ma'auni ɗaya tak, wannan zan ɗauka. Tsakanin 2000 da 2015 yawan tufafin da duniya ke ɗinkawa ya kusa ninkawa biyu, yayin da yawan sa kowace riga kafin a yar da ita ya ragu. Rigar audugar da aka noma ba tare da ko ɗigon magani ba, idan ta yage a wanki na uku, ta fi ɓarna a kan rigar haɗi da ta yi shekara biyar a jiki.

Fara da yadin. Ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa. Idan saƙar ta yi tazara, ko wani wuri ya fi wani cika, ba zai jure ba. Ja shi tsakanin manyan yatsunka biyu ka saki. Mai kyau yana komawa yadda yake, marar kyau yana barin kumburi. Murza gefensa da ƙarfi kamar kana wanki. Idan farin gari ya zubo, kuma wurin ya yi laƙwas, sitati ne aka cika masa don ya yi nauyi a hannu. Wannan ya fi yawa a shadda mai araha: ƙyallinta a kanti kyan ɗan maciji ne, wanki ɗaya yake tafiya da shi. Shadda mai kyau ƙyallinta daga ingancin zaren da matsewar saƙar yake fitowa, shi ya sa take kai shekaru.

Sai rini. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a gefen yadin sau goma. Ɗan shuɗi kaɗan daga rinin baba ba abin damuwa ba ne, halinsa ke nan a farko. Amma ja ko kore da ya ɓata ƙyallen sosai, zai zuba a wanki, ya koɗe, ya kuma ɓata sauran kayan da aka jiƙa tare.

Idan ɗinkakkiyar riga ce, juya ta bai. Cikin riga ne ke faɗin gaskiyar tela. Aza tef a kan layin ɗinki ka ƙirga sukar allura a inci ɗaya. A yadi marar kauri ina son in ga 10 zuwa 12. Wanda ke sauri yakan buɗe keken ya yi 6 ko 7, ɗinkin ya yi saurin gamuwa, ya kuma yi saurin warwarewa. Ja ɗinkin hammata da na hantsar wando a hankali. Idan ka hango haske tsakanin zaren, za su buɗe. Duba bakin aljihu ko an maimaita ɗinki a kusurwa. Duba kalmasa ko ta kwanta. Duba maɓalli, ka ga ko an bar na ajiya a ciki. Zif kuma ka zuge shi sama da ƙasa sau biyar.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne rarar yadin da ake bari a cikin ɗinki. Rigar yaro ɗan shekara bakwai da aka bar wa inci biyu a ƙasa da inci ɗaya a kowane gefe za ta kai shi sallah uku. Wadda aka yanke daidai jikinsa, kafin babbar sallah ta matse shi. Gidan ɗinkin da ke barin wannan rara ya yi tunanin gobenka, ko da bai taɓa jin kalmar ɗorewa ba.

Daga nan sai lissafi. A ce ka sayi riga naira 12,000 ka sa ta sau 6 ta mutu. Kowace sawa ta ci maka 2,000. Wata kuma 30,000, ka sa ta sau 100. Kowace sawa 300. Iyayenmu sun gama magana da suka ce araha ba ta ado. Sai dai tsada ita ma ba shaida ba ce. Na sha farke rigunan da aka saya da kuɗi mai yawa, in tarar da ɗinkin da ba zan karɓa daga yaron da ya yi wata shida a shago ba.

Mataki na uku: ina ruwan rinin ya tafi?

Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, da baba da toka take aiki. Amma yawancin rinin da ake yi a bayan gidaje yau, har wanda ake sayarwa da sunan na gargajiya, da garin rini na kanti ake yinsa, a haɗa da soda mai cin hannu da wani sinadarin mai ƙarfin wari. Ba haramun ba ne a yi amfani da su. Abin tambaya shi ne ko marinin yana sa safar roba da takalmi, kuma ina yake zubar da ragowar ruwan. Idan kwata yake sakewa, yara suna wasa a ciki, awaki suna sha, rijiyar maƙwabci tana nan kusa, to kyan zanen bai biya ba. Wanda ya haƙa rami ya yi masa siminti, ya bar laka ta kwanta kafin ya zubar, ya fi wanda ya rubuta kalmar "gargajiya" a allonsa.

Tarayyar Turai ta hana wasu nau'o'in rini da ake kira azo a tufafin da ke taɓa fata tun 2002, saboda suna sakin sinadaran da ke iya jawo cutar daji. Mai saye ba zai gane su da ido ba. Abin da yake iyawa shi ne ya guji kaya mai warin sinadari, ya kuma wanke sabon kaya kafin a sa, musamman na jarirai.

Jaka da takalmi ma haka. Fatar da aka jeme da bagaruwa, idan ka duba bakin yankanta, ruwan ƙasa ce har ciki. Wadda aka jeme da sinadarin kurom takan nuna launin toka mai ratsin shuɗi a tsakiya. Mutanen da ke zaune kusa da majemun zamani na Challawa da Sharaɗa a Kano sun daɗe suna kuka da ruwan da ke fitowa daga can. Abin da ake kira fatar roba kuma, ko wane suna mai daɗi aka raɗa masa, roba ce da za ta fara saɓulewa kafin a je ko'ina.

Mataki na huɗu: hannun da ya yi

Ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza da ke wajen Dhaka a Bangaladesh ya rufta. Mutum 1,134 suka rasu, akasarinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka kaya. An ga tsagewa a bangon kwana ɗaya kafin nan, amma aka ce su koma aiki. Tun daga lokacin, tambayar farko da ake yi wa babban kamfani ita ce ya fitar da sunaye da adireshin masana'antun da ke masa ɗinki. Wanda ya wallafa jerin ya ba da damar a bincike shi. Wanda ya ɓoye, kalamansa romon baka ne har sai ya nuna.

Mu ma a gida muna da namu. Duk wanda ya san shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san yaran da ke kwana a kan keke, hayaƙin janareta yana shigowa ta ƙofa, ga dutsen guga na gawayi a ɗaki marar taga. Ni ma na yi wannan rayuwa a hannun maigidan da na koyi aiki wurinsa, har wani dare allura ta huda mini yatsa don barci. Shi ya sa a shagona nake rufe karɓar ɗinkin sallah tun tsakiyar Sha'aban. Idan gidan ɗinki ya karɓi kayanka ana jibi sallah ya ce zai gama, wani ne zai biya da barcinsa da lafiyarsa.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun 2024 naira 70,000 ne a wata. Raba shi da kwanakin aiki 26, ya kama kusan 2,700 a rana. Dokar ba ta hau kan ƙananan shaguna ba, amma mudu ne mai kyau na auna adalci. Hular hannu mai cikakken aiki tana cin makonni a hannun mace, tana yi tsakanin girki da raino. Ka tambayi mai sayarwa kwana nawa ta ci, kuma nawa aka ba wadda ta ɗinka. Ka yi lissafin da kanka. Na taɓa yi wa wani ɗan kasuwa wannan tambaya, ya ce, "Malam, ai ita ba ta yi ƙorafi ba." Na ce, "Alhaji, rashin ƙorafi daban, biyan haƙƙi daban." Gidan da ke iya faɗa maka garin masu yi masa aiki da yadda yake biyansu, ba tare da kame-kame ba, ya haye wannan mataki.

Akwai kuma maganar "ɗinkin gida". An kafa masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, suna cin audugarmu. Akasarinsu sun rufe. Yawancin atamfa da yadin da ke zuwa mana ta Kantin Kwari yau daga Sin suke. Babu laifi tela ya ɗinka su, da su nake aiki kullum. Laifin shi ne a ɗinka yadin waje a Gombe a sayar da shi da sunan kayan gida tun daga gona. Mai gaskiya zai ce: yadin na waje ne, ɗinkin namu ne.

Mataki na biyar: yanka da ƙyalle

Leƙa ƙarƙashin teburin yanka. A manyan masana'antu ana ƙiyasta kusan kashi 15 cikin 100 na yadi yana ƙarewa a ƙasa. Suturarmu ta asali ba ta san wannan ba: zani ba a yanka shi, babbar riga kuma daga falle-falle masu kusurwa huɗu ake haɗa ta, kusan babu abin zubarwa. Sabbin salo masu lanƙwasa da yawa su ke cin yadi. Ka tambayi mai zana salon yadi nawa ya ci, ƙyallen kuma ina yake zuwa. A wurinmu manya suna zama shafi da aljihu da rigar jariri, ƙanana masu cusa matashi suna zuwa su kwasa.

Ka kuma duba ko salon zai sawu bayan bikin. Ankon da aka ɗinka da duwatsu da jela har ƙasa yini ɗaya yake yi ya koma akwati. Ina roƙon amare su zaɓi yadin da ƙawayensu za su iya sawa zuwa suna ko aiki daga baya.

Manyan kamfanoni kuwa, a tambayi abin da suke yi da kayan da suka yi kwantai. A 2018 ta fito fili cewa Burberry, wani babban kamfanin tufafi na Ingila, ya lalata kayan da suka kai fam miliyan 28.6 a shekara ɗaya, daga baya ya sanar da dainawa. Faransa ta yi doka a 2020 da ta hana lalata irin waɗannan kaya.

Mataki na shida: karanta tambari da idon basira

Hoton ganye ba shaida ba ne. Shaida ita ce wadda wata hukuma daban ta bincika ta bayar, da lambar da za ka iya dubawa a shafinta na intanet. Kowace kuma da iyakarta. Shaidar da ake kira GOTS tana buƙatar aƙalla kashi 70 cikin 100 na zaren ya zama wanda aka noma ba da magungunan zamani ba, kashi 95 kafin a ba kayan babban matakin shaidar, tana kuma duba rini da yanayin ma'aikata. OEKO-TEX Standard 100 gwajin sinadarai masu cutarwa ne a jikin kayan; bai ce komai a kan albashi ba, kuma roba zalla tana iya samunsa. Fairtrade ta fi karkata ga farashin da manomi ke samu. Better Cotton kuwa, a tsarin da ta daɗe a kai, ana cakuɗa audugarta da sauran auduga a hanya, don haka tambarin bai tabbatar da cewa ita ce a cikin rigarka ba.

Ka lura da dabarar nan ma: kamfani ya fitar da riguna goma masu shaida, ya cika talla da su, alhali dubban sauran kayansa suna nan yadda suke. Tambayi kashi nawa ne na duk abin da yake sayarwa.

Waɗannan takardu kuɗi ake kashewa kafin a same su, masaƙin ƙauye ko mai shago a Tudun Wada ba zai iya ba. Kada ka kayar da shi don ba shi da su. Shi nasa ya ma fi sauƙi, gani ya kori ji: ka je shagon ka zauna rabin awa.

Mataki na bakwai: ranar da rigar za ta tsufa

Tambayi gidan ɗinkin ko yana karɓar gyara. Sauya zif, juya wuyan riga, rage ta ta zama ta ƙane, waɗannan su ne ke ƙara wa kaya shekaru. Kada ka dogara da alkawarin cewa za a narkar da tsohuwar riga a yi sabuwa. Wani rahoto na 2017 ya nuna abin da ake mayarwa sabon tufafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Gwanjo yana da amfani, domin rigar da aka riga aka ɗinka ba ta sake cin ruwa ko gona. Amma duk wanda ya ga an fasa dila ya san na sama ne ke da kyau, na ƙasa tsumma ne. A kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Accra, babban birnin Ghana, ana ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke shigowa shara yake zama. Ka zaɓa da ma'aunin ƙarko da na ambata. Tsumman roba kuma kada a ƙone shi a tsakar gida, kada a jefa shi a kwata; damina na zuwa zai toshe hanyar ruwa, mu kuwa a Gombe mun san abin da ruwa ke yi wa gari idan ya rasa hanya.

Ba kayan da zai ci duka bakwai. Ni idan kaya ya faɗi a ƙarko ko a haƙƙin ma'aikaci, ba na duba sauran. Idan ya haye waɗannan biyun, sai in auna saura gwargwadon aljihun mai saye.

Yadin Hajiya kuwa ba mu yar ba, tunda an riga an saya, zubar da shi ƙarin ɓarna ne. Na ce mata, "Hajiya, wannan a jiki zai dafa ki, amma roba tana jure rataya, kuma labule ba kullum ake wanke shi ba." Muka auna tagogin falonta biyu, yadi biyar ɗin ya isa har da kalmasa mai faɗi. Kayan sallar kuma muka shiga Babbar Kasuwa tare da ɗanta, da kwalin ashana a aljihuna, sai a shago na huɗu muka samu yadin da zarensa ya bar toka mai laushi.